Rai ɗaya a gaban turke: abin da ɗan Indiya yake gani a wasan kurket

A Indiya akwai tambaya guda da baƙo yake yi wa baƙo ba tare da gaisuwa ba, kuma ba a ɗaukarta rashin ladabi. A jirgin ƙasan da ke jigilar ma'aikata a Mumbai, inda ake cunkushewa har wasu na lilo a bakin ƙofa, sai ka ga mutum ya miƙa wuya ya leƙa wayar na kusa da shi ya ce, "Score kya hai?" Wato maki nawa aka ci. Mai wayar yana iya zama manajan banki, mai tambayar kuma masinja. Wannan mabiyin addinin Hindu ne, wancan Musulmi. Za a ba shi amsa, a ƙara masa da labarin wanda aka fitar da yadda aka fitar da shi, kafin a kai tasha ta gaba mutum biyar sun shiga gardamar. A ƙasar da ta haura mutum biliyan 1.4, wadda tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, abubuwan da ke haɗa mutane hira ɗaya irin haka ba su da yawa.

Mu nan ta finafinai muka san Indiya. Amma wanda yake son sanin abin da ɗan Indiya yake kwana da shi ya tashi da shi, sai ya bi ta kurket. Abin da na fahimta kuwa, bayan na daɗe ina bin wasan da masu kallonsa, shi ne mai kallon nan rayuwarsa yake hangowa a tsakiyar fili, shi ya sa yake ɗaukar abin da zafi haka.

Sai an san yadda wasan yake kafin maganar ta zauna. Ƙungiya biyu ce, kowacce da mutum 11. A tsakiyar fili akwai zirin ƙasa mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yakan rugo da gudu ya wurgo ƙwallo mai tauri, ta fata, wani lokaci da saurin da ya wuce kilomita 140 a sa'a, ta doki ƙasa ta taso. Mai bugu yana tsaye da katako a hannu, ya tsare turakun kada ƙwallo ta same su, ya kuma nemi maki da ita. In ya buga ta gangara har iyakar fili, maki huɗu ne. In ta tsallake iyakar ta sama, shida. In kuwa ta doki turke, ko ya ɗaga ta aka cafe kafin ta taɓa ƙasa, to ya fita. Da zarar an fitar da mutum goma, zagayen ƙungiyar ya ƙare.

A wannan fitar ce duk zancen yake. Ɗan ƙwallon ƙafa in ya ɓarar da dama a minti na goma, yana da sauran minti tamanin da zai wanke kansa. Mai bugu a kurket rai ɗaya gare shi. Yana iya tsayawa sa'a shida a rana yana kare kansa, hankalinsa ya gushe na ƙiftawar ido, shi ke nan. Yana kuma iya shafe wata shida yana shiri, ƙwallon farko ta fitar da shi. Sai ya saɓa katakonsa ya taka shi kaɗai daga tsakiyar fili zuwa ɗakin sauya kaya, dubban idanu na bin sa.

Yaron da ya tashi a gidan masu ƙaramin ƙarfi a Patna ko Kanpur ya san wannan tafiyar tun bai taɓa shiga filin wasa ba. Kowace shekara sama da ɗalibai miliyan ɗaya ke zana jarrabawar farko ta neman shiga manyan makarantun injiniyanci, alhali kujerun cibiyoyin IIT, waɗanda kowa ke mafarki, ba su kai 20,000 ba. Jarrabawar shiga manyan muƙaman gwamnati ma haka take: masu nema kusan miliyan, guraben kusan dubu. Iyaye kan sayar da gona su tura yaro garin Kota ya yi shekara biyu yana karatun share fage, sannan sa'o'i kaɗan a ɗakin jarrabawa su yanke hukunci. Wanda ya rayu a haka, in ya ga mai bugu ya ƙi taɓa ƙwallon da ke wucewa gefe don tsoron kuskure, ba ya kiransa matsoraci. Ya san dalilinsa.

Har cikin bakin mutane wasan ya shiga. Dattijon da ya yi ritaya ya kama wata sana'a, ko wanda ya sake aure bayan rasuwar matarsa, sai a ce ya fara zagaye na biyu, domin a dogon wasa kowace ƙungiya sau biyu take bugu. In tsoho ya rasu da shekara casa'in, masu ta'aziyya kan ce ya buga dogon zagaye. Ɗalibin da bai gane darasi ba yakan ce ƙwallon ta bi ta saman kansa. Tambayar da ta zo da tarko kuwa sunanta gugli, wato jifar da take nuna za ta karkata nan sai ta karkata can.

Makarantar farko ita ce lungu. Da la'asar yara za su jera tubali ko su zana layi uku da gawayi a bango, ga turaku sun samu. Ƙwallon tanis ake amfani da ita, don ta fata tana da tsada kuma tana fasa gilashi. Dokokin lungu ba a rubuce suke ba amma kowa ya haddace su. Mai katako shi ne ke fara bugu, in kuma aka fitar da shi ya yi fushi ya tafi da katakonsa, wasa ya tashi, don haka ake lallaba shi. Ƙwallon farko gwaji ce, ba ta fitar da kowa. Wanda ya buga ƙwallo ta faɗa gidan maƙwabcin da ba ya mayarwa, ya fita, kuma shi zai je roƙo. In ta doki ƙasa sau ɗaya aka cafe da hannu ɗaya, ita ma fita ce. A nan yaro yake fara sanin cewa mai abu shi ke da ta cewa, doka kuma wurin da ake ciki ne ke tsara ta, kuma da baki ake ƙwatar haƙƙi tunda babu alƙalin wasa.

Daga lungu sai manyan filayen Mumbai, irin su Shivaji Park da Azad Maidan, inda ake buga wasanni da yawa a lokaci guda a fili ɗaya, har mai tsaron wannan wasa ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai tsaron wancan, kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya. A Shivaji Park ne malam Ramakant Achrekar yake ɗora kwabon rupi ɗaya a kan turke ya ce wa yaronsa Sachin Tendulkar: in an fitar da kai, kwabon na mai jifa ne, in ka tsaya har ƙarshe, naka ne. Tendulkar ya tara 13, kuma ya sha faɗin cewa suna cikin abubuwan da ya fi ji da su. Darasin a fili yake: turkenka shi ne jarinka. A 1988 shi da abokinsa Vinod Kambli suka haɗa maki 664 su biyu a gasar makarantu. Da yawa daga waɗanda suka gan su a lokacin suna cewa Kambli bai gaza abokinsa baiwa ba. Ya ci sama da 200 sau biyu a jere a 1993, amma dogon wasansa na ƙarshe da rigar Indiya ya buga shi ne a 1995 yana ɗan shekara 23. Tendulkar kuwa ya buga irin wannan wasan har 200. Babu mai kallon kurket a Indiya da bai san labarin nan ba, kuma babu ajin makarantar da bai da nasa Kamblin: yaron da ya fi kowa kai, amma rabo bai tsaga da shi ba.

Wasan da ya zama na kowa yau, da can na masu mulki ne. Turawan Ingila suka kai shi, 'yan ƙabilar Farsi na Bombay, wato Mumbai ta yau, suka fara karɓa a 1848, sauran suka biyo baya. Babbar gasar birnin ma bisa addini aka raba ta: Turawa, Farsawa, Hindu, Musulmi, daga baya aka ƙara ƙungiya ta biyar ta ragowar jama'a. Gandhi ya nuna adawa da wannan tsari, kuma a 1946 aka daina. Daga wancan zamani sunan da ya fi tsaya mini a rai shi ne Palwankar Baloo. Ɗan rukunin da ake ƙyamar taɓawa ne, da sharar fili ya fara, Turawa suka gano iya jifarsa. Ƙungiyar Hindu tana buƙatarsa don ta ci wasa, amma a farkon lamari in an tafi shan shayi a waje ake ba shi nasa, a kofi dabam. A rangadin Ingila na 1911 ya fitar da sama da mutum 100, ya fi kowa a tawagar, duk da haka ba a taɓa naɗa shi cikakken shugaban ƙungiya ba. Sai ƙanensa Vithal ne ya samu haka a 1923. Tun daga nan filin kurket ya zama wurin da Indiya ke yin gardamar da take jin nauyin yi a cikin gida.

Indiya ta buga dogon wasanta na farko, wanda ake kira Tes, a filin Lord's na Landan a 1932, amma sai 1952 ta ga nasarar farko, a Madras. Shekara ashirin ke nan. Wannan jiran ya rene wani hali a zuciyar mai kallo. Wasan Tes kwana biyar ake yi, kuma in lokaci ya ƙare ba a gama fitar da ƙungiyar da ke baya ba, canjaras ne, ko da tazarar ta kai ɗaruruwa. Ma'ana mai rauni yana da hanyar tsira da mutuncinsa: ya ƙi faɗuwa har rana ta faɗi. Mutanen da suka saba da layin kananzir da na shinkafar gwamnati, waɗanda kan jira shekaru kafin a sa musu wayar tarho a gida, sun gane wannan sarai. Gwarzonsu shi ne Sunil Gavaskar, gajere, wanda ya fuskanci masu jifar wuta na tsibiran Karebiyan ba tare da hular kwano ba, ya ci 774 a jerin wasanninsa na farko a 1971, ya kuma zama mutum na farko da ya kai maki 10,000 a Tes. 'Yan Mumbai suna da kalma ga irin wannan hali, "khadoos", taurin kan wanda ba ya ba da turkensa kyauta. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma a wancan zamani dutsen ne a tukunya.

Ranar 25 ga Yuni, 1983 ce ta sauya lissafi. Indiya ta je gasar kofin duniya da nasara ɗaya tak a gasa biyu da suka gabata. Mako guda kafin wasan ƙarshe Zimbabuwe ta fitar mata da mutum biyar a kan maki 17, Kapil Dev ya shigo ya ci 175 ba a fitar da shi ba. A wasan ƙarshe Indiya ta ci 183 kacal, amma ta tsayar da zakarun Karebiyan a 140. Abin ya zo a kan gaɓa, domin shekara guda kafin nan talabijin mai launi ta shiga ƙasar saboda wasannin Asiya na 1982. Sai ga 1991, Manmohan Singh yana ministan kuɗi, aka buɗe tattalin arziki ga kamfanoni da tashoshin waje. Kafin nan tashar gwamnati, Doordarshan, ita kaɗai ke nuna wasa kuma hukumar kurket ba ta samun abin kirki. A 1995 kotun ƙoli ta yanke cewa gwamnati ba ta da ikon mallake iskar watsa shirye-shirye ita kaɗai. Daga nan kuɗi ya samu ƙofa.

Tendulkar ya faɗo daidai wannan lokaci. Ya fara a Karachi a 1989 yana da shekara 16, ya ajiye katako a 2013 bayan ya ci ɗari sau 100 a wasannin ƙasa da ƙasa. A shekarun 1990 gidaje da yawa kashe talabijin suke yi da zarar an fitar da shi. Ina ganin nauyin da aka ɗora masa ya wuce na ɗan wasa. Ƙasar da gwamnatocinta ke faɗuwa a jere, wadda rikicin addini ya girgiza a 1992 da 1993, ta samu abu ɗaya da take da tabbacin ya kai na kowa a duniya, sai ta jingina da shi. Da badaƙalar sayar da wasa ta fashe a 2000, har aka dakatar da tsohon shugaban ƙungiya Mohammad Azharuddin, hukuncin da wata kotu ta soke a 2012, amanar da jama'a suka ba Tendulkar da Rahul Dravid da Anil Kumble ce ta hana mutane juya baya. A daren 2 ga Afrilu, 2011, da aka ɗauki kofin duniya a Mumbai, matasan ƙungiyar suka saɓa Tendulkar a kafaɗa suka zagaya da shi, Virat Kohli ya ce mutumin ya ɗauki ƙasar shekara 21, lokaci ya yi da su ma za su ɗauke shi.

In kana son ganin abin da nake nufi da rayuwa a tsakiyar fili, dubi rangadin Ostireliya na ƙarshen 2020. Annobar korona ta rufe mutane a gida, da yawa sun rasa aiki, wasu sun rasa iyaye. A Adelaide aka kwashe Indiya duka a kan maki 36, mafi ƙanƙanta a tarihinta. Kohli ya koma gida saboda haihuwar da ake jira. 'Yan wasa suka riƙa jin rauni ɗaya bayan ɗaya. Amma suka rama a Melbourne, a Sydney kuma Hanuma Vihari, da tsagewar naman cinya, ya tsaya wa ƙwallo 161 ya ci 23 kacal, shi da Ravichandran Ashwin mai ciwon baya suka riƙe wasan har aka tashi canjaras. Sai Brisbane, filin da ba a ci Ostireliya a Tes ba tun 1988. Saboda bambancin lokaci, da asuba ake fara wasan a Indiya, don haka mutane cikin bargo suke kallo a waya, an rage murya kada a ta da yara. A rana ta ƙarshe, 19 ga Janairu, 2021, Indiya na neman maki 328 don ta ci wasan. Cheteshwar Pujara ya mai da jikinsa garkuwa. Ƙwallo ta same shi a hula, a haƙarƙari, a yatsa har ya yar da katako ya durƙusa, ya tashi ya ci gaba. Ƙwallo 211 ya tsaya wa, ya ci 56. Gajiyar da ya tara wa masu jifa ita ce ta ba Rishabh Pant damar ƙarasawa da 89.

A tawagar nan akwai Mohammed Siraj, ɗan direban keke mai ƙafa uku daga Hyderabad. Mahaifinsa ya rasu a Nuwamba yana can Ostireliya, ga dokar killacewa, bai samu jana'iza ba. Ya zauna ya buga, ya fitar da mutum biyar a zagaye ɗaya a Brisbane. Da ya sauka a filin jirgin sama na garinsu, maƙabarta ya wuce kafin ya shiga gida. Duk wanda ya taɓa barin gida neman abinci aka yi masa rasuwa yana nesa, ba sai an fassara masa wannan ba.

To amma kiɗa ya canza. A Satumban 2007 Indiya ta ɗauki kofin duniya na gajeren wasa, T20, wanda kowace ƙungiya ke samun jifa 120 kacal kuma ake gamawa cikin sa'a uku da 'yan kai. Wanda ya jagorance ta, Mahendra Singh Dhoni, ɗan Ranchi ne da ya taɓa aikin duba tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Kharagpur. Bayan wata bakwai aka buɗe IPL, gasar T20 ta ƙungiyoyin biranen Indiya. Haƙƙin nuna ta na 2023 zuwa 2027 an sayar da shi sama da dala biliyan 6. A gwanjon 'yan wasa da aka yi a Jidda a Nuwamban 2024 an sayi Pant a kan rupi miliyan 270. Hukumar kurket ta Indiya ita ke karɓar kashi 38.5 cikin ɗari na kuɗin da hukumar duniya ke rabawa, kuma tsohon sakatarenta Jay Shah shi ya hau kujerar shugabancin ta duniya a Disamban 2024. Ƙasar da ta jira shekara ashirin kafin nasarar farko ita ce uwar ɗakin wasan yanzu.

Ba na cikin masu raina wannan sauyi. Da can ƙofar ƙungiyar ƙasa guda ce, kuma 'yan manyan birane ne suka fi kusa da ita. IPL ta buɗe ƙofa goma. Rinku Singh, ɗan mai rarraba tukwanen gas a Aligarh, wanda aka taɓa samo wa aikin shara, ya buga shida sau biyar a jere a ƙarshen wani wasa a 2023, gidansu ya canza. Yaro ɗan Bihar, Vaibhav Suryavanshi, ya ci ɗari da ƙwallo 35 a 2025 yana ɗan shekara 14. Wannan alheri ne na gaske. Sai dai darasin da wasan ke koyarwa ya juya. A T20 turke ya yi arha, tunda mutum goma sun yi wa jifa 120 yawa, don haka wanda ya tsaya kare kansa shi ne mai laifi. Kwabon Achrekar ba shi da wuri a nan. Canjaras ma babu, dole a samu wanda ya faɗi. Ya dace da Indiyar masu kai saƙo a babur da ake auna su da minti, amma ina jin tsoron ranar da yaro zai ga irin tsayuwar Pujara ya kasa gane abin da yake kallo. Ga kuma caca da ta bi ta waya ta shiga aljihun matasa da sunan haɗa ƙungiyar mafarki, har majalisa ta haramta irin wasannin kuɗin nan a Agustan 2025.

Son da ya kai haka yana da ɗaci in ya juya. A 1996 a Kolkata, da Siri Lanka ta kusa fitar da Indiya a wasan kusa da ƙarshe, 'yan kallo suka yi ta jifa da kwalabe suna cinna wuta a kujeru har aka tsayar da wasan aka ba baƙi. A farkon 2007 an farfasa ginin gidan Dhoni saboda Bangaladash ta ci Indiya a gasar kofin duniya. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Oktoban 2021. Pakistan ta ci Indiya a Dubai, mutum 11 suka sha kaye, amma Mohammed Shami aka ware da zagi a intanet ana ce masa maci amana, don shi ne Musulmin da ke cikinsu. Kohli ya fito fili ya ce kai wa mutum hari saboda addininsa shi ne mafi ƙasƙancin abin da ɗan'adam zai yi. Bayan shekara biyu Shamin nan ya fi kowa fitar da mutane a kofin duniya, 24. Kofin shayin Baloo bai gama fita daga wasan ba.

Shi ya sa tsofaffin masu kallo ke yawan komawa Chennai, 31 ga Janairu, 1999. Shekara tara Indiya da Pakistan ba su haɗu a Tes ba, kuma kafin zuwan baƙin wasu 'yan Shiv Sena, jam'iyyar masu tsananin kishin Hindu, sun haƙe filin Delhi don a fasa. Ana neman 271, Tendulkar da ciwon baya ya ci 136, aka fitar da shi saura 17, ragowar suka zube, Indiya ta faɗi da 12. Filin ya yi tsit. Sai mutane suka miƙe suna tafa wa Pakistan, 'yan wasan Wasim Akram suka zagaya fili ana yi musu jinjina. Watanni kaɗan bayan haka yaƙin Kargil ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu. Rabon ƙasashen biyu da Tes tun 2007. A gasar Asiya ta Satumban 2025, bayan harin da aka kai wa 'yan yawon buɗe ido a Pahalgam na Kashmir da artabun sojojin ƙasashen biyu a watan Mayu, ko musabaha ba a yi ba, kuma Indiya ta ƙi karɓar kofin daga hannun ministan Pakistan da ke shugabantar hukumar nahiyar. Na fahimci zafin da ke zuciyar waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa. Amma mutanen Chennai ma ba su rasa dalilin fushi ba, kuma abin da suka yi ran nan shi ne mafi girman abin da na sani mai kallon kurket ya taɓa yi. A Ahmedabad, 19 ga Nuwamba, 2023, Ostireliya ta ɗauke kofin duniya bayan Indiya ta ci wasa goma a jere, Travis Head ya ci 137 a gaban sama da mutum 90,000, tafin da ya samu bai taka kara ya karya ba, kuma kafin a miƙa kofi kujeru sun yi fayau.

Shi kansa mai kallon, wanda idonsa ne ake sayarwa da biliyoyin nan, shi ne ƙarshen wanda ake tunawa da shi. Tikiti sai a hannun 'yan bayan fage, rana a ka, ruwan sha da banɗaki sai an sha wuya. Ranar 3 ga Yuni, 2025 ƙungiyar Bengaluru ta ɗauki kofin IPL karon farko bayan jiran shekara 18. Washegari aka kira biki cikin gaggawa a filin Chinnaswamy, wanda bai fi ɗaukar mutum 40,000 ba, jama'a suka ninka haka sau da yawa. Mutum 11 suka mutu a turmutsitsin bakin ƙofa, yawancinsu matasa, alhali a ciki ana ɗaga kofi. Sun ba wasan duk abin da suke da shi, ba a tanadar musu ko ƙofar da za su bi lafiya ba.

Wata biyar bayan haka, 2 ga Nuwamba, 2025, ruwan sama ya jinkirta wasan ƙarshe na kofin duniya na mata a Navi Mumbai, amma filin ya cika maƙil kuma mutane suka zauna har tsakar dare. Shafali Verma ta ci 87. Ita ce yarinyar Rohtak da mahaifinta ya aske wa kai don ta saje da maza, saboda makarantun kurket na garin ba sa karɓar mata. Ba ta ma cikin tawagar da farko, raunin wata ne ya sa aka kira ta ana saura wasa biyu. Deepti Sharma ta fitar da mutum biyar, shugabar ƙungiya Harmanpreet Kaur ta cafe ƙwallon ƙarshe, Indiya ta doke Afirka ta Kudu da maki 52. Da aka ba su kofin, sai suka nemo Mithali Raj da Jhulan Goswami, waɗanda suka kai wasan ƙarshe a 2005 da 2017 suka dawo hannu rabbana, waɗanda suka yi zamanin tafiya a jirgin ƙasa ba kujera da kwana a ƙasan ɗakunan makaranta, suka danƙa musu shi a hannu. Goswami ta rungume shi tana kuka.